Kawu Alois da Koren Fetur

A ƙauyenmu idan ka ce kana neman Alois, sai an tambaye ka wanne, don muna da su birjik, har da waɗanda ba su da amfani. Amma ka ce Mai Haraji, kowa zai nuna maka gidan da ke ƙarshen yashi, inda ake kife babban jirgin ruwa. Kawuna ne, ƙanin mahaifiyata. Bai da gonar kirki, bai da rufin kwano, rigarsa ta coci ma ta sha faci har ba a gane asalin yadin. Wannan sunan shi ne duk abin da ya tara a duniya, kuma yana ji da shi kamar tsoka ɗaya a miya.

Muna zaune ne a gabar teku, tsakanin garin Vanimo da kan iyaka. Fetur ɗinmu jirgin ruwa ke kawo shi daga nesa, a ɗora masa kuɗin dako, gwamnati ta ɗora nata, kafin ya iso tankinka ya zama abin da sai ka yi addu'a kafin ka tambayi farashi. A ƙetare kuwa, wajen Indunusiya, tafiyar da ba ta kai ta gajiya ba, gwamnatinsu ce ke biya wa mutanenta wani kaso, sai ya zama kusan rabin kuɗin namu. To, ka gaya mini wane mai inji ne bai san hanyar da jarka ke bi ta shigo ba? Kowa ya sani. Kawu Alois ma ya sani, ya dai ƙi ne.

Dalilinsa tsoho ne. Lokacin da matarsa, Inna Ludwina, ta zo haihuwar fari, abin ya zo da gardama, har mata suka fara kuka tun tana da rai. Wata ma'aikaciyar jinya ce a ɗan asibitin ƙauye ta tsaya a kanta har ta sauka lafiya. Da Kawu ya kai mata kifi don godiya, sai ya tambaye ta wa ke biyanta. Ta ce gwamnati, daga haraji, har da wanda ke cikin man da yake ƙonawa a teku. Wataƙila ita wasa take yi. Shi kuwa ya ɗauki maganar ya ƙulle a zuciya, daga ranar bai sake yarda ɗigon man ƙetare ya shiga jirgin da yake tuƙawa ba.

Abokinsa Kaspar, wanda suka yi ƙuruciya tare, shi ya raɗa masa sunan, kuma shi ne ba ya gajiya da tsokanarsa. Kullum da yamma suna ƙarƙashin bishiya suna tauna buai, irin goronmu na nan, baki ja wur, ana fafatawa.

"Mai Haraji, ina titin da ka saya mana? Jiya motar kasuwa ta faɗa rami, sai da muka sauka muka tura."

"Ramin naka ne, Kaspar. Gurbin kuɗin da ka ƙi biya ke nan, shi ya sa ya yi faɗin bakinka."

"Kai dai Allah ya shirye ka. Mai ɗaya ne fa! Teku ɗaya, inji ɗaya. Na can ya fi araha, shi ke nan."

"Ba araha ya yi ba, wani ne ya biya maka. Talakan can ne aka cire wa a aljihu don ya samu sauƙi, kai ka je ka kwashe. Ka ci nasu, ka hana namu. Ɓarawon ƙasa biyu!"

"To, waliyyin fetur, idan ka mutu sai mu binne ka a gidan mai."

Sai a kwashe da dariya, Kaspar ya miƙa masa wani buai ɗin. Ni ina ganin Kawu yana da taurin kai irin na akuya, na sha gaya masa. Amma ba zan ɓoye ba, idan baƙo ya zo garejina na gyaran inji, har alfahari nake yi in nuna shi in ce kawuna ne wancan.

Saboda wannan hali ne dangi suka danƙa masa injin. Shekarar da masu sarar katako suka biya mu kuɗin daji, dattawa suka hana a raba, aka sayi jirgi da inji mai ƙarfin doki arba'in na dangi baki ɗaya. Shi ke kai mara lafiya Vanimo, shi ke ɗauko gawa, shi ke kai kayan aure. Da aka zo zaɓen wanda zai riƙe, ba a ma yi musu ba. A al'adarmu kuwa kayan dangi ba abin wasa ba ne. Idan ɗan gida ya lalata, a yi masa faɗa, a karɓe daga hannunsa. Idan bare ne, danginsa za su zo da alade da diyya, su tsaya a tsakar gari su ba da haƙuri kowa na kallo. Matar aure kuma, ko ta tsufa a gidan, ranar irin wannan shari'a 'yar danginta ce.

Inna Ludwina mace ce ƙarama mai saurin tafiya da saurin magana. Uwarta mutuniyar ƙetare ce, daga Skouw, kuma mahaifiyata Perpetua ba ta taɓa barin ta manta da haka ba. Tsakaninta da Kawu kullum faɗa ne irin na tsofaffin da ba sa iya cin abinci idan ɗaya ba ya nan. Tana ce masa tsohon banza mai ciyar da gwamnati, yana ce mata rediyo.

Sai aka shiga wata shekara da jirgin mai ya yi jinkiri. Gidajen mai na Vanimo suka bushe, ɗan abin da ya rage ya yi tsadar da ba a faɗa. Su Kaspar ko a jikinsu, jarkokinsu na shigowa. Kawu ya kife jirgi a yashi ya zauna kusa da shi. Ya daina zuwa ƙarƙashin bishiya, ya daina gardama, tuwon sago ma, abincinmu na kullum, sai ya tsakura ya ture kwanon. Idan injin wani ya tashi a teku sai ka ga ya ɗaga kai kamar an kira sunansa. Ni kaina da na saba yi masa tsiya, tausayinsa ya kama ni.

Inna Ludwina ce ta kasa jurewa. Ranar kasuwar kan iyaka ta tafi wajen dangin uwarta, ta dawo da buhun shinkafa mai nauyin da ya wuce na shinkafa. Washegari da safe, Kawu na wajen aikin gayya a coci, ta fito da jarkar man da ta ɓoye a buhun ta juye a tanki. Da ya dawo ta ce masa an kawo ɗan mai a wani shago a Vanimo, ta yi sa'a ta samu.

Injinanmu ba sa shan fetur zalla. Sai an gauraya shi da man inji, abin da muke kira zum, kuma a shagunanmu a haɗe ake sayar da shi. Man injin ke ba shi ɗan launi, kore-kore, shuɗi-shuɗi. Don haka duk wanda ya tashi a gabarmu, idan ya ga fetur mai launi, ya san an haɗa. Abin da Inna ba ta sani ba shi ne, a ƙetare rina man tallafi ake yi kore don a bambanta shi da sauran, babu ɗigon man inji a ciki.

"An haɗa?" in ji Kawu, yana leƙa tanki.

"Idonka ya mutu ne? Ba ka ga launinsa ba?"

A kullum sai ya tsoma yatsa ya murza ya ji santsin. Ranar murna ta hana shi. Ya kira maza aka tura jirgi, ya ja igiya, injin ya amsa, ya fita yana ɗaga wa matarsa hannu kamar saurayi.

Bai yi nisa da wuce duwatsun bakin teku ba injin ya yi ƙara ya buga. Kaspar ne ya gan shi yana fama da guntun katako a madadin filafili, ya ɗaura masa igiya ya jawo shi gida. Aka sauke injin a garejina da rana tsaka. Da na kwance shi, fistin ya manne, ciki ya bushe ƙayau, ya ƙone. Na zuba ragowar man tankin a farin kwano. Ni da Kawu ne kawai a wurin.

"Kawu, wannan ba zum ba ne. Koren ƙetare ne."

Ya daɗe yana kallon kwanon. Ya tsoma yatsa ya murza, ya sake murzawa.

"Linus, wa ya sani?"

"Ni da kai."

"To, ya tsaya a nan. Zubar da shi."

Amma ƙauye ba ya riƙe magana. Wata ta ga buhun da Inna ta sauko da shi daga mota, ta gaya wa wata, kafin yamma ya isa kunnen mahaifiyata. Ranar Lahadi bayan coci aka tara dangi a tsakar gari. Inna Ludwina na zaune a gefen mata, ta sunkuyar da kai. Yayyenta tsofaffi ne matalauta, kowa ya san ba su da aladen da za su kawo sai sun sayar da gona. Kuma bayan an yi mata wannan tsayuwar kunya, ban ga yadda za ta sake ɗaga kai a rijiya ko a coci ba.

Mahaifiyata ta miƙe. Mace ce da ba ta kwana-kwana, ni na san ta.

"Linus, kai ka buɗe injin. Tashi ka gaya wa dangi abin da ka gani. Kuma ka tuna nonon wa ka sha."

Na tashi. Ga uwa, ga kawu. Ban kai ga buɗe baki ba Kawu ya miƙe ya ɗaga hannu.

"Yaya, ki bar yaron nan. Man ƙetare ne ya kashe injin. Ni na aika a sayo, ni na zuba da hannuna, na manta ban haɗa ba."

Mahaifiyata ta zuba masa ido.

"Kai, Alois? Kai?"

"Ni. Zama ya ishe ni. Kuma ba yau na fara ba, in kuna son ku sani."

Wannan ƙarin shi ya fi yi mini ciwo, don ba a tambaye shi ba. Ya san idan bai kashe sunan gaba ɗaya ba, ba za a yarda ba. Inna Ludwina ta yunƙura za ta tashi, ta ce, "Jama'a, ku saurara..." Ya juya ya daka mata tsawar da ban taɓa ji ya yi mata ba.

"Ke rediyo, zauna! Me kika sani a harkar inji?"

Sai wani daga baya ya fashe da dariya, saura suka bi. "Ashe waliyyi ma yana sha a ɓoye!" "Shekara da shekaru yana mana wa'azi!" Mata na tafawa, samari na buga ƙafa. Kaspar kaɗai na lura bai yi dariya ba. Ya dubi Kawu, ya dubi Inna, ya tofar da buai ɗinsa ya tashi ya bar wurin. Dattawa suka yanke cewa idan an gyara injin, wani za a ba ya riƙe. Kawu ya ce ya ji, ya gode.

Kafin sati ya zagayo an sauya masa suna zuwa Mai Kore, kuma ya amsa shi har ƙarshen ransa ba tare da ya ɓata fuska ba. Na ji haushin mutanenmu ƙwarai, har da uwata, na daɗe ban ci abincinta da daɗin rai ba. Babu abin da ke faranta musu rai kamar su ga wanda ya fi su ya sauko daidai da su.

Washegarin taron da sassafe ina wanke kayan inji a bakin ruwa, sai ga Kawu yana jan tsohon kwalekwalensa na icce, wanda ya daɗe a bayan gida kaji na kwana a ciki. Inna na biye da shi, idanunta sun kumbura. Ba su damu da ni ba.

"Tsoho, me ya sa ka yi haka?" in ji ta. "Ni na yi laifin. Da ka bari na sha kunyata."

"Riƙe mini nan, yana karkata."

"Ina yi maka magana! Abu ɗaya ke gare ka a garin nan, ka jefar da shi a gaban kowa. Yanzu me ya rage maka?"

Ya tsaya ya share gumi, ya dube ta sama da ƙasa.

"Sunan nan na ci moriyarsa, Ludwina, ya isa. Da na tsaya a wurin ina kallo ana tsayar da yayyenki a rana, da wane baki zan amsa shi? Ke dai kin ga na rame kin nemo mini magani. Kin yi kuskuren kwalba ne kawai."

Ta ɗaga zanen da ke kafaɗarta ta make shi da shi, sau biyu, sannan ta rufe fuska da shi ta fashe da kuka. Ya bar ta ta yi mai isarta. Da ta lafa, ya ɗauko filafili na biyu daga cikin kwalekwalen ya miƙa mata.

"Tunda kin kashe mini doki arba'in, sai ki zama ɗaya. Shiga gaba."

Ta karɓa tana zaginsa, ta tattare zani ta shiga. Na tura musu kwalekwalen har ruwa ya kai mini gwiwa, suka fita suna musu a kan wanda ke tuƙa shi a karkace.