Shekarar da Muka Yi Binne da Maganar Hoto

Har yau in na ga hadari ya haɗo fari fat daga gabas, gabana faɗuwa yake.

Lokacin Jega tana ƙarƙashin Sakkwato. Yayana yana aiki can birni, a ofishin masu duba yanayi, mu kuma muna ƙauyenmu ta hanyar Aliero. Damina biyu sun ci amanarmu, gero ya ƙare, sai irin shuka cikin tulu ɗaya da Inna ta liƙe bakinsa da laka. Ko mun kwana da yunwa ba mai taɓa shi.

Sai ga Yaya ya zo da wani hoto baƙi da fari, wai tauraron ɗan'adam ya ɗauko daga sama. Ya shimfiɗa wa Baba a tabarma, ya aza yatsa kan wani farin tabo. Gajimare ne, in ji shi, yana matsowa wajenmu.

Baba yana tunanin binne, wato a zuba iri a busasshiyar ƙasa ya jira ruwa. In aka yi mamakon ruwa, ka riga kowa. In yayyafi ya sauka ya tsaya, iri ya tsiro ya ƙone, shi ke nan.

"Shina da ruwa ko ba shi da?" in ji Baba.

Yaya ya ce, "Baba, shi tauraron nan, bayan gajimare yake gani, ba ya ganin cikinsa. Mai kauri da sirara duk fari suke fitowa. Ya fi kama da mai ruwa, amma akwai saura."

Wallahi na ji shi da kunnena, ya ce akwai saura. Ya ma maimaita. Amma wa ke jin saura da yunwa a ciki? Ni kaina tsaki na yi, na ce wannan boko sai jan magana, mutum ya ce e ko a'a mana! Baba ya miƙe ya fasa bakin tulun.

Hadarin ya zo kuwa. Ya rufe gari, ya yi mana yayyafin da ko zanen da na shanya bai jiƙa sosai ba, ya wuce. Geron ya tsiro kore shar, abin sha'awa. Muna kallo rana ta cinye shi layi layi.

Baba ko tsawa bai yi wa Yaya ba, kuma da ma ya zage shi da ya fi sauƙi. Ya ɗauki gatarinsa ya bi hanyar Maiyama neman ƙwadago. Zazzaɓi ya kama shi a can, gatarin kawai aka dawo mana da shi.

Yaya ya ƙare aikinsa kaf a kan wannan saura, yana auna iyakar kuskuren da tauraro ke yi a kan kaurin gajimare. Yanzu ya tsufa, yana gidana. Kwanan baya hadari ya taso, jikata ta tambaye shi ko za a yi ruwa. Ya daɗe yana duban gabas.

"Kar a buɗe tulun," ya ce.