Tsutsar Kaɗe

In aka zauna hirar abincin ƙyama, kowa da labarin da yake kawowa. Wani ya ce ya ga masu cin gafiya, wani ya ce a gabansa aka gasa damo, wani kuma ya ce ya ji a rediyo akwai ƙasar da sai ƙwai ya ruɓe suke ci. Ba na cika saka musu baki ba, don duk labarin gani da ji suke bayarwa. Ni kuwa ci na yi, kuma da ƙafata na tafi nema.

A Bebeji ne, 'yan shekaru kafin Turawa su tafi. Mahaifina malami ne, ni kuma ɗinkin riguna nake yi a zaurensa. Mai aikin zare da farin ƙyalle kullum hannunsa a wanke yake, ko tuwo na ci sai na cuɗa da sabulun salo sau biyu kafin in taɓa allura. Ga ni da son turare, ga son 'yan littattafan labari da ake kawowa daga birni, irin waɗanda saurayi ke keta daji don ya ɗebo wa masoyiyarsa ruwan wata rijiya mai nisa. Ina ɗinki ina raya wa raina cewa da matata za ta yi mini irin wannan aike, da ta ga namiji.

Matata daga Kiru aka kawo ta, amma a hannun kakarta ta wajen uwa ta girma, a wani ƙauye da ke gindin duwatsu can bayan Doguwa. Ba ta cika zancen can ba. Shekararmu huɗu da aure, ciki biyu sun zube. Na ukun ya zo da bazara, ya zo da laulayin da ban taɓa ganin irinsa ba. Inna, mahaifiyata, ta dama kunun tsamiya, ta yi romon kaza, ta aika rugar Fulani aka kawo kindirmo, duk abin da ya shiga sai ya dawo. Rubutun Malam, mahaifina, kaɗai ke zama, shi ma kurɓi-kurɓi. Awarwaron da ke tsayawa a wuyan hannunta ya koma zamewa har gwiwar hannu. Da aka kira ungozoma, ta duba ta, ta fito tsakar gida ta ce wa Inna, ina ji daga bakin zaure, in aka ci gaba a haka ba cikin kaɗai za a rasa ba. Ta ƙara da cewa, "Akwai abin da ranta yake so. Ku tambaye ta."

An tambaye ta, ta ce babu.

Wata rana bayan azahar matan gidan suka tafi suna a maƙwabta, na ajiye ɗinki na shiga ɗakinta. Tana kwance a tabarma. Na ce, "Ke, don girman Allah ki faɗa mini. Ko a bayan kogi bakwai yake zan kawo miki."

Ta ja mayafi ta rufe fuska. "Malam, in na faɗa za ka daina cin tuwona."

Na rantse ba zan daina ba. Ta leƙo da ido ɗaya ta ce, "Tsutsa."

"Wace irin tsutsa?"

"Ta kaɗe."

Ta yi mini bayani a hankali. Da damina akwai wata tsutsa da ke cinye ganyen kaɗe, in ta ƙoshi sai ta sauko ƙasa. Mutanen gindin duwatsu suna tsince ta da sassafe, su tafasa da kanwa, su shanya, su adana. Fuskata ta riga bakina magana, na ji lokacin da hancina ya tattare. Ta gani. Ta ce, "Ka gani ko? Wasa nake yi," ta juya ta fuskanci bango.

Na fito na sami Malam mahaifina, na durƙusa na ce wani ne ya tambaye ni ko cin tsutsar bishiya ya halatta. Ya jawo littafinsa na fiƙihu, ya yi ta buɗawa, ya bi wani layi da yatsa. Ya ce hukuncinta kamar na fara ne, in an kashe ta da niyya aka ambaci sunan Allah, ta halatta. Ya rufe littafin, bai dube ni ba, ya ce, "Ka gaya wa wanin nan ya yi sauri. Kuma kada ya dafa ta a tukunyar da ake yi mini miya."

Washegari na hau keke zuwa Tudun Wada, na bar shi a gidan wani abokin Malam, na shiga motar da ke kai kaya wajen masu haƙar kuza. Muka ratsa wani daji mai tsawo, ina zaune a kan buhun gishiri. Direba ya ce sai jibi zai juyo. Daga Doguwa na taka da ƙafa, na isa ƙauyen da la'asar.

Kakar 'yar ƙaramar tsohuwa ce, na same ta tana tsince gurguzu a faifai. Ta kare ido da tafin hannu. "Wa nake gani kamar angona? Sai yau ka tuna kana da mata a nan?"

Na gaishe ta, na faɗi abin da ya kawo ni. Dariyar ta ɗauke daga fuskarta. Ta shiga ɗaki ta fito da wani ƙaramin tulu da aka liƙe bakinsa da laka, ta fasa liƙin da bakin wuƙa. Warin da ya fito kamar na bandar kifin da ruwa ya taɓa, a haɗa shi da na ganyen da ya daɗe a gindin randa. Na leƙa. Baƙaƙe ne, tsawon ɗan yatsa, sun kanannaɗe, jikinsu gaɓa-gaɓa da 'yan ƙayoyi. Na zaro ƙyallen da na zo da shi, na miƙa mata da yatsa biyu, na kau da kai.

Sai na ji ta rufe bakin tulun.

"Ba zan bayar ba."

"Haba Kaka!"

"Yarinyar nan ni na goya ta, na san halinta. In ka kai mata da wannan fuskar taka, cewa za ta yi ta ƙoshi. A gabanka yunwa za ta kashe ta tana yi maka murmushi. Yaushe motarka?"

"Jibi."

"To zauna, ango. Muna da lokaci."

Ta zuba biyar a ƙoƙo, ta barbaɗa gishiri, ta zauna daf da ni tana kallon fuskata. Na yi bisimilla na jefa ɗaya a baki. Kan ne ya fara fashewa, ƙaras, sannan wani gari-gari mai ɗanɗanon ƙasa ya cika mini baki, ƙayoyin suna karce mini maƙogwaro. Ban kai ga ta biyu ba na ruga bayan danga. Ina can ina kakari ina jin ta tana gaya wa maƙwabciyarta, "Ɗan malamai ne, cikinsa bai saba da abin kirki ba."

Kashegari a miyar yakuwa ta saka. Wannan ya fi muni, don a cikin miya kumbura suke yi, su koma kamannin da suke da shi a kan bishiya, su yi laushi. Na haɗiye uku da tuwon dawa, ba su dawo ba. Ta ce, "Ciki ya yarda. Saura hancin nan, har yanzu tsegumi yake yi."

Da yamma ta ja ni wajen bishiyoyin kaɗen da ke bayan ƙauyen. Ta nuna mini guda ɗaya mai kogo. Ta ce wata shekara da abinci ya ƙare tun kafin gero ya fitar da kai, matata tana 'yar shekara shida, ita ke tashi da asuba da 'yar ƙwaryarta ta zo nan. In ta cika ƙwaryar sai ta ɗora a ka, tsutsotsin suna hawowa suna sauka a goshinta, ita kuwa tana tafe tana waƙa. Da wannan suka kai kaka su biyu. "Ranar da za a kai ta Kiru na ce mata kada ta faɗa wa kowa, mutanen can gori gare su. Ashe ta riƙe maganata har tana neman mutuwa da ita."

Na daɗe tsaye a gindin bishiyar. Shekara huɗu ina kwana ina tashi da mace, ban san ta taɓa yin waƙa ba.

Da safen da zan tafi ta soya su da man kaɗe da barkono. Na ci bakwai ina ba ta labarin yadda ake zana adon aska a wuyan riga. Ba zan ce sun yi daɗi ba, ba su yi ba. Na dai koyi yadda zan tauna ina tunanin wani abu dabam. Ta kama haɓata ta juya fuskata hagu da dama, ta ce, "Za ta yi." Ta juye duk abin da ke cikin tulun, ta soya rabi, ta ƙulle mini a ganye.

A mota fasinjoji suka yi ta tambayar me ya mutu, har yaron mota ya mayar da ni can saman kaya. Na isa Bebeji kashegari da hantsi. Inna ta tare ni a tsakar gida, ta shaƙi iska, ta dubi jakata, ta koma wajen murhu.

Matata tana nan yadda na bar ta, sai dai idanunta sun ƙara faɗawa. Na zauna a gefen tabarmar na kwance ƙunshin a tsakaninmu. Na ce kakarta tana gaishe ta, na ce hanya ba daɗi, na ɗauki ɗaya na jefa a baki, na ci gaba da labarin direba. Na ɗauki ta biyu. Ba ta kallon ganyen, fuskata take kallo, irin kallon tsohuwar nan sak. Ina tauna ta uku na ga hannunta ya fito daga cikin mayafi, awarwaron ya zame har gwiwa.

Ta ci tara, na ƙirga. Muka zauna muna jira. Aka kira azahar, ba su dawo ba. Can ta ce, "Malam, ko akwai sauran kunu?"

Tun daga ranar Inna ta ware wani kasko, ta ajiye shi a bayan rumbu, ba ta taɓa faɗin na mene ne ba. Da ƙarshen kaka, ana cikin yankan dawa, aka haifi 'yarmu ta fari.

Bayan haihuwar matata ba ta sake marmarin tsutsar ba, ko warinta ba ta so. Amma tsohuwa ba ta daina ba. Duk ƙarshen damina sai ga ƙunshi daga Doguwa a hannun masu zuwa kasuwa, da saƙon cewa na angonta ne. Haka aka yi har shekarar da ta rasu. Ni nake cinyewa, a bayan rumbu, matata tana tsaye daga nesa ta toshe hanci da gefen zane, tana kallon fuskata tana dariya.