Farar Safar Tsunezo

A ƙarƙashin ƙasa babu safiya babu yamma, sai iskar nan da jirgin ƙasa ke turowa daga rami kafin a hango fitilarsa. Cikin wannan iska Fusae ta ci ƙuruciyarta, a ɗan shagonta na wata tasha da ke kan layin filin jirgin saman birnin Fukuoka, tana sayar da dunƙulen shinkafa da shayi. Matafiya su wuce da akwatuna masu taya, ita kuwa ta raba musu ƙasashe a ranta: mai hular nan ƙasar ƙanƙara za shi, waccan bakin teku ta nufa. Ita kanta ko ƙofar jirgin sama ba ta taɓa gani ba, kuma ko a jikinta.

Idonta na kan Tsunezo, mai kula da bakin layi. A aikinsu ba a duba abu da ido kawai, sai an nuna shi da yatsa an kira sunansa da ƙarfi. Da farar safar hannu yake yi: "Ƙofa, lafiya! Gaba, lafiya! Baya, lafiya!"

"Kai, mai yatsa," ta kan tsokane shi, "bangon ma ba ka gaishe shi ba yau."

Daga tsokana sai aure. To amma ka ji mutum! Wanda ke kiran sunan kowace ƙofa, a gida "ke" yake ce mata, kamar mazan zamaninsa. Ke, shayi. Ke, ina lemata? Abin yana ci mata rai, ba ta dai taɓa faɗa ba.

Da tsufa ya zo, mantuwa ta kama shi, "ke" ɗin ma ta ɓace. In ta kawo abinci sai ya rusuna mata kamar baƙuwa, ya ce an gode da ɗawainiya. Ɗansu Noboru ya samo masa gidan kula da tsofaffi can arewa kusa da shi, tafiyar jirgin sama. Abu ɗaya Fusae ke so kafin a raba su: ya gane ta, ko sau ɗaya.

Ranar tafiya Noboru ya ce, "Mama, mu ɗauki tasi mana, ga kaya."

"Tasin me? Jirgin ƙarƙashin ƙasa za mu bi."

Suka sauka tsohuwar tasharsu. Shagonta ya zama na'urar sayar da lemo. Ta zaro tsohuwar safar daga jaka, ta saka wa Tsunezo a hankali, yana kallon hannun kamar na aro.

Sai iskar ta taso. Ta kaɗa furfurarsa, ta kawo ƙanshin ƙarfe mai ɗumi irin na da. Bayansa ya miƙe. Jirgi ya tsaya, hannu ya tashi.

"Ƙofa, lafiya! Gaba, lafiya!"

Ya juyo don duba baya, yatsan ya sauka daidai ƙirjinta, ya tsaya nan. Ba a sauke hannu sai an kira sunan abin da aka nuna. Fusae ta riƙe numfashi.

"Fusae," ya ce, da muryar da ta cika tashar, "lafiya!"

Ƙofofi suka rufe, jirgi ya tafi ya bar su. Noboru ya fara mitar za su makara.

"Rabu da mu, wani jirgin na zuwa," in ji ta, hawaye na bin kumatunta. Ta kama farar safar da hannu biyu. "Lafiya lau, mai yatsa."