Hannun Inna a Ruwan Tabki

Cikin duk abin da na gani tun da na fara karatun halayyar ɗan adam, akwai guda da ba zai taɓa fita raina ba, kuma a garinmu Maijirgi ya faru.

Lokacin ina jami'a a Yamai, an fara koya mana abin da ake kira ipnoz. Malamarmu ta ce ba barci ba ne, ba kuma sihiri ba. Hanya ce ta tattara hankalin mutum wuri guda da magana mai taushi, har jiki ya saki, tsoro da zafi su ragu. Mutum yana jin komai, kuma ba a iya sa shi abin da bai yarda ba. Mun gwada a junanmu a gabanta, ta kuma ja mana kunne cewa abin ba ya maye gurbin magani.

Da na zo hutu na tarar da Inna kwance. Sana'arta ƙuli-ƙuli, man gujiya mai tafasa ne ya zubo mata a hannu. An kai ta likita an wanke an naɗe, amma azabar wankin ta sa ta ce ba ta komawa. Matar da ban taɓa jin kukanta ba, yanzu ko maganar likita aka yi sai jikinta ya hau ɓari. Ciwon ya fara ruwa. Majo, wato shugaban ma'aikatan jinyar garin, ya aiko cewa in aka ƙara jinkiri sai dai a wuce da ita asibitin Tasawa, kuma yana tsoron abin da zai sami hannun.

Na faɗa wa Baba abin da na koya. Ya tambaya ko akwai kiran iskoki a ciki. Na ce babu, magana ce kawai. Ya ce zai zauna a wurin, in ya ji abin da bai dace ba zai tsayar. Inna kuwa ta ce, "Ke dai kar ki sa ni surutu gaban mutane."

Da safe muka hau amalanken jaki zuwa likita. Majo ya ba ta maganin rage zafi kamar kullum, ya ce in gwada. Damuwata ita ce duk abin da na iya da Faransanci na iya shi, Inna kuwa sai da Hausa. Na zauna kusa da kanta, na sa ta riƙa jan numfashi a hankali, na tambaye ta inda ta fi jin sanyi a rayuwarta. Ta ce tabkin Kona, garin da ta girma, da damina. Sai na kai ta can da baki. Na ce ta ji laka a ƙafarta, ta durƙusa, ta tsoma hannun a ruwa har gwiwa. Idonta ya rufe, kafaɗunta suka sauka.

Majo ya fara ɓare ƙyallen. Da ya zo inda ya manne, ta zabura. Na ce mata ruwan yana nan, ta ƙara nutsa hannun. Ta koma ta lafa, har aka gama.

Da ta buɗe ido ta ce, "Na ji shi fa, amma daga nesa, kamar hannun wata ne."

Da muka iso ƙofar gida, maƙwabta suka taso suna tambaya. Baba ya nuna ni ya ce, "Ɗiyata ce ta zaunar da ita. Karatunta ne." Har yau in na tuna muryarsa, sai in ji kaina ya ɗaukaka.

Haka muka riƙa zuwa har ciwon ya warke, ya bar tabo kawai. Kafin hutuna ya ƙare, Inna da kanta take kwantar da hankalinta, ni sai dai in zauna gefe.

Abin da na koya shi ne, mai ciwo yana da ƙarfi a cikinsa da yawanci bai san da shi ba. Aikin irina shi ne in zauna kusa, in yi masa magana da harshen da ya sani, har ya same shi.