Ba Yaji da Motar Suruki

Idan ana lissafin tsofaffin direbobin Potiskum, ba a yin nisa ba a ambaci Ba Yaji na unguwar Hausari ba. Tun yana saurayi yake lodin Kano da Fijo, har gemunsa ya yi fari a kan sitiyari. Mutum ne mai son yabo, wannan ba a ɓoye yake ba, amma kuma yana da abin yabon. Bai taɓa zubar da fasinja ba, bai kuma taɓa barin hannun wani ya shiga injinsa ba. Juyen mai, canjin fulogi, ɗaurin birki, duk shi yake abinsa a ƙofar gida. Yakan ce gareji asibitin ragwayen direbobi ne. Kanikawan tasha sun daɗe da sallama shi, gaisuwa ce kawai ke haɗa su.

Da gwiwarsa ta hagu ta fara ciwo, taka kuloci ya gagara, sai ya ajiye tuƙin haya ya koma noman gero da wake a gonarsa ta Nangere. Mijin 'yarsa, Abubakar Sadiq, mai sayar da hatsi a kasuwa, ya ga tsoho kullum yana cusa kai a Keke Napep da fartanya a hannu, abin ya dame shi. Ya nemo masa tsohuwar mota 'yar Kwatano, otomatik, irin wadda take canza giya da kanta, ba ruwanta da ƙafar hagu. Saboda kunyar surukuta bai kawo da kansa ba, aiko ta ya yi. Ba Yaji ya zagaya ta, ya leƙa ƙarƙashinta, ya taɓe baki ya ce motar mata ce. Washegari kuwa har masallacin bayan gidansa da ita ya je.

Damina guda motar ta yi tana kai shi gona lafiya. Bayan girbi sai ta fara wani hali. In ya taka totur sai inji ya yi ta ruri, motar kuwa tana jan ciki kamar ba da ita ake ba, can sai ta fizga. Rannan a hanyar Nangere mai amalanken shanu ya wuce shi har yana ɗaga masa hannu. Ranar Ba Yaji bai ci tuwo ba.

Da yake shi a ganinsa ba ya kuskure a kan mota, laifin dole na wani ne. Ya yanke wa kansa hukunci cewa surukinsa gawar mota ya sayo, aka shafe ta da fenti, ya aiko masa don gari ya ce ya yi abin kirki. A daidai lokacin 'yar tasa, Halimatussa'adiya, tana gida wankan jego na haihuwar fari. Aka yi arba'in, matan dangin miji suka zo tafiya da ita, Ba Yaji ya ce a ɗan ƙara mata kwana. Suka sake dawowa, ya ce ba yanzu ba.

Matarsa Ya Fanne ta same shi a zaure ta ce, "Malam, aure fa ake magana, ba ƙarfe ba."

Ya ce, "Wanda ya yaudari uban matarsa, matar ce za ta gagare shi? Ta zauna tukuna."

Abubakar Sadiq ya turo dattawa su ba da haƙuri, bai kare kansa da ko kalma ɗaya ba. Wannan ya ƙara wa tsoho ƙarfin gwiwa, ya ce ai ga shi nan, mai gaskiya ba ya shiru. Yarinya ta rame, ga goyo ga kuka a ɗaki. A unguwa har an fara raɗe-raɗin cewa auren nan da wuya ya kai azumi.

Ya Fanne ce ta san lagonsa. Ta ce tunda yana da tabbaci, ya kai motar wurin masu aikin su faɗa da bakinsu, kowa ya ji. Haka Ba Yaji ya shiga gareji da ƙafarsa, abin da bai taɓa yi ba. Ba gyara ya je nema ba, shaida ya je nema. Ya zaɓi Mala Gana, dattijon bakanike da ke bakin titin Kano, wanda aka sani da aikin giyar otomatik.

Mala Gana ya karɓi makulli, ya ce Ba Yaji ya zauna a gefe. Suka hau titi. Ya taka a hankali yana saurare, ya sake takawa da ƙarfi, inji ya yi ruri, mota ta yi jinkiri sannan ta fizga. Ya ce, "Giya tana zamewa." Ba Yaji ya gyara hula, ransa fari ƙal.

Da suka dawo bai kashe injin ba. Ya buɗe bonet, ya zaro sandar gwada man giya, ya goge a farin ƙyalle. Man da ya kamata ya fito ja kamar zoɓo sai ya fito baƙi-baƙi, yana warin ƙanzo. Ya murza shi a yatsu, ya daɗe yana murzawa.

"Ba Yaji, wa yake zuba mata mai a giya?"

"Wa kuwa in ba ni ba? Da aka kawo ta wani jan ruwa na tarar a ciki, ba kauri ba komai. Da na tashi juye na zubar da shi, na ɗura mata baƙin mai na inji, mai kauri. Shi na yi ta zuba wa giyar Fijo har na bar tasha, ko tari ba ta taɓa yi ba."

Mala Gana ya ajiye ƙyallen. Ya ce, "Fijo daban, wannan daban. A nan jan man shi ne ƙafar hagun da ka daina takawa. Shi yake bi ta ƙananan hanyoyi ya matse faifan giya su kama. Mai kauri ba ya wucewa da sauri, faifan sai su yi ta gogar juna har su ƙone. Warin da ka ji ke nan."

Ba Yaji ya dubi ƙyallen, ya dubi hannunsa. Da ƙyar ya ce, "To ko dama can da ciwonta ta zo?"

"Ni na duba ta kafin a aiko maka. Lafiyarta ƙalau." Mala Gana ya rage murya. "Akwai wata magana da aka ce in riƙe, amma ba zan iya ba. Surukinka ya zo nan kwanaki. Matarsa ta gaya masa ta ga irin galan ɗin da kake zubawa, ya gane komai. Ya roƙe ni, wai in ka zo in ce giyar a lalace ta zo, laifinsa ne. Ya ce gara ka yi fushi da shi da a ji a tasha cewa Ba Yaji ya kashe mota da hannunsa. Da mota ce kawai da na rufa masa. Amma na ji an riƙe masa iyali, ni kuwa ba na ƙarya a kan aure."

Ba Yaji ya zauna a kan wata tsohuwar taya yana maimaita innalillahi a hankali. Abin da ya fi girgiza shi ba motar ba ce. Yaron da ya yi ta aibatawa a zaure da majalisa, ashe duk tsawon lokacin nan asirinsa yake rufawa, har yana shirin rasa matarsa a kai. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba tun da yake.

Bai jira ya koma gida ba. Ya laluba aljihu ya ciro waya, ya kira lambar da ya daɗe yana ƙin ɗauka. Ana ɗagawa ya ce, "Ka turo a tafi da iyalinka yau."

Daga can Abubakar Sadiq ya yi godiya cikin ladabi, sannan ya ƙara da cewa, "Baba, a ƙara haƙuri da zancen motar nan. Ni ne ban duba da kyau ba."

Ba Yaji ya rufe ido. Kanikawa da masu jiran gyara duk suna kusa, suna jinsa. Ya ɗaga murya yadda har na bakin titi zai ji, ya ce, "Daina, ɗana. Ni na kashe ta."