Tsohuwar da ke kan murfin gwangwani

A wurin masu tsofaffin kaya a unguwar Utaibiyya ta nan Makka na sayi gwangwanin biskit don zuba allurai. Sai da na goge murfin a gida na ga zanen: wata tsohuwa a bakin taga tana zura zare a allura, ta ɗan fito da harshe. Haka mahaifiyata take yi, Allah ya jiƙanta! Na ƙwala wa ɗiyata kira.

Ta duba a waya ta ce, "Ummi, wani Bajamushe ne ya zana. Duk rayuwarsa mutanen ƙauyensu ya yi ta zanawa, masu ɗinki da masu fere dankali."

Murna ta hana ni zama. Sai kuma wani tunani ya zo mini. Hoton mai rai a ɗakina, a garin Makka? Idan mala'iku suka ƙi shigowa fa?

Na rufe gwangwanin da mayafi na ruga wurin malamarmu.

Ta yi dariya. "Hajiya, rataye shi za ki yi?"

"A'a, allurai zan zuba."

"To ai kayan aiki ne. Halas!"

Har yau kife murfin nake yi idan zan yi salla. Ina sallamewa nake juyo da tsohuwata, mu ci gaba da ɗinki.