'Ya'yan Tsamiya Uku a Babban Mutum

Ana idar da sallar asuba muka nufi tasha, ni da wani abokina, tsohon malamin firamare. Babban Mutum za mu. Mun shirya duk wanda ya tambaya mu ce sarin gyaɗa ya kawo mu, amma gaskiyar magana yayana ne ya aike ni bincike. 'Yarsa ta fari ta gama karatun unguwarzoma, ta kawo saurayi ɗan can, mai shagon cajin waya da tura finafinai. Ita dai ta ce shi take so. Shi kuwa yayana labari ya zo masa cewa saurayin ba shi da abin kallo sai fim ɗin 'yan fashin teku, har ana ce masa Kyaftin, kuma kullum bayan la'asar yana tara mutane a bayan shago ana jefa ɗan ludo. Ya ce da ni, "Je ka gano min. Abin da ka dawo ka ce, shi zan yi." Ana gobe zan tafi yarinyar ta kawo min kunu, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Baffa, don Allah ka duba da kyau." Ta juya ta tafi.

Ku da kuke bibiyata kun san halina. Na daɗe ina sayar da taki da maganin feshi a kasuwar Daura, kuma buhu ko a gabana aka ɗinke shi sai na soka masa tsinke na ga abin da ke ciki. Tun kafin mu hau mota na riga na yanke wa saurayin nan hukunci a zuciyata. Mutumin da ɓarayi ke burge shi, ga kuma ɗan ludo a hannu, me ya rage?

A tasha muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan bana ya ƙanƙance, sai ka jefa biyu a baki kafin haƙori ya san an zo. Kuɗin mota ma ya kusa ninka abin da na biya bara. Aka cusa mu huɗu a baya, biyu a gaba, aka ɗaure buhunan gishiri a but, muka kama hanyar Zango. Kaka ta yi, ko'ina ka duba dammunan gero ne a tsaye cikin gonaki, mata na tsintar gyaɗa, amalanken shanu na tafe a gefen titi ba sa gaggawar kowa.

Ba mu yi nisa ba Malam ya tono maganar. Shi mutum ne mai karance-karance, kuma ashe tun yana ɗalibi yake karanta littattafan 'yan fashin teku. Ya ce a nan ya fara sanin akwai ruwan da ake wata guda ana tafiya a kansa ba a ga tudu ba. Ya ce mutanen nan suna da tsari, su suke zaɓen shugabansu, kuma ganima daidai suke rabawa. Na ce masa na daji ma da suka addabi yammacin jihar nan an ce daidai suke rabawa, sai mu buga musu littafi? Abin da ke ba ni haushi da finafinan nan ke nan. A ɗauko ɓarawo a sa masa hula mai kyau, a ba shi bakin magana, a sa masa kiɗa, wanda aka kwashe wa dukiya kuwa ko fuskarsa ba a nunawa sau biyu.

Direba ya sa baki ya ce shi fassarar Hausa yake kallo, kuma jiragen ne ke burge shi, tunda ba ruwansu da faci ko ramin titi. Wata mata da ke gaba ta juyo ta ce ita dai Allah ya isa, tunda 'ya'yanta suka kalli irin fim ɗin nan ba ta sake ganin muciyarta a inda ta ajiye ba, ta zama takobi, ɗankwalinta kuma an ɗaure ido ɗaya da shi. Motar ta kwashe da dariya. Ni ban yi ba, na ƙara maganarta cikin hujjojina.

A Zango muka tsaya aka sauke gishiri, na sayi dafaffiyar gyaɗa mai zafi. Daga nan zuwa Baure titin wani wuri lafiya, wani wuri sai direba ya sauka gefe ya bi sawun babura. Kana matsawa gabas kana jin ƙamshin iyaka, 'yan acaɓa ɗauke da kaya ya fi su tsawo, masu shaguna na ambaton sefa kamar yadda muke ambaton naira. Da hantsi muka sauka Babban Mutum.

Binciken miji yana da ƙa'ida, kuma ni ban yarda da yadda wasu ke yinsa ba. Ba a tambayar abokin mutum. Liman za ka fara gani, sai mai shayin unguwa, sannan ka nemo wanda suka taɓa yin faɗa da shi. Liman ya ce yana ganinsa a sahu, bai san shi da wani abin ƙi ba. Mai shayi ya ce mutumin kirki ne, sai dai surutun teku, shi da ko kogin kirki bai taɓa gani ba. Na ukun mai facin taya ne da ke maƙwabtaka da shagon, sun taɓa kai ruwa rana a kan ƙarar janareto. Ya ce, "Taurin kai gare shi kamar me. Amma caca? Alhaji, da na taɓa ganin ko naira biyar a kan allon nan, da ni zan fara kai shi gaban mai unguwa." Shaida uku duk masu kyau. Maimakon hankalina ya kwanta sai ya ƙara tashi, na ce wa Malam anya ba a riga mu zuwa an shirya bakin mutanen nan ba? Ya ce in ci abinci tukuna, yunwa ce. Muka ci shinkafa da wake da mai da yaji a wata rumfa, muka bi da fura mai sanyi, wadda ta fi ta Daura nono, wannan kam dole in faɗa.

Shagon ɗan ƙarami ne, wayoyi jere a kan katako kowacce da lambarta, a bango an zana wani ƙaton jirgi mai tutoci. Saurayin siriri ne, ba ya da yawan fara'a. Na miƙa wayata a sa min caji, na tsaya ina lura da inda zai ajiye ta da abin da zai taɓa a ciki. Ya rubuta lamba, ya ba ni rabin takardar, ya koma aikinsa. Ya ce, "Baba, ga benci, rana ta yi zafi." Bai tambaye ni daga ina nake ba.

Da aka sauko daga la'asar sai aka shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiya bayan shagon, ya fito da allon. Na zaci wani abin Turawa zan gani. Ashe falanki ne shi da kansa ya shafa wa shuɗin fenti, ya ja layuka gida-gida kamar na dara, ya zana tsibirai. Jiragen marafan lemo ne. Dukiyar da ake fashinta kuwa 'ya'yan tsamiya ne cikin gwangwanin madara. Kowa a ba shi goma, ka jefa ɗan ludo ka tuƙa jirginka, in ka isa tsibiri ka kwashi abin da ke kai, in ka faɗa gidan da jirgin wani yake ka karɓe rabin nasa. Wanda ya fi tarawa lokacin da tsibiran suka ƙare shi ya ci. Na zuba ido in ga inda kuɗi zai fito. Na duba ƙarƙashin tabarma, na duba aljihunan mutane, na duba ko ana ƙifta ido. Ban ga komai ba, sai na ce a ba ni murfi ɗaya, don mai binciken gaske daga ciki yake gani.

Mu huɗu muka zauna: ni, da saurayin, da wani tela, da wani dattijo mai farin gemu da kowa ke ce wa Baba. Malam ya tsaya a kanmu yana ba da shawarar da ba wanda ya nema. Cikin hira na ce musu sarin gyaɗa ya kawo mu, na kuma ji cewa dattijon ba ɗan garin ba ne. Daga yammacin jihar ya taso da iyalinsa bayan an kore masa shanu kaf a yini ɗaya. Na tambaye shi yadda aka yi mai irin wannan tabo yake zama wasan fashi. Ya ce, "Fim ɗin ba na iya kallo, Alhaji. Da an fara ihu a jirgi sai in ji kamar a rugata ne, in tashi. Amma wannan, in an kwashe maka yau, gobe goma za a sake ba ka." Tela ya ƙara da cewa ranar farko da aka yi wa Baba tas a wasan, tashi ya yi ya tafi gida bai yi sallama ba. Washegari Kyaftin ya sa sabuwar doka, duk wanda aka kwashe wa duka, kowa zai ba shi ɗaya ya ci gaba. Saurayin bai ɗago ba, ya ce da ni, "Baba, jifarka ce."

To, a nan ne labarin ya juya, kuma zan faɗe shi yadda ya faru. Wasan nan yana da daɗi. Ban san lokacin da na tattare hannun riga ba. Na karɓe rabin na tela har da yi masa dariya, na ji ni ina cewa a kauce jirgina na tafe. Da aka zo gab da ƙarshe tsibiri ɗaya ya rage, ni da dattijon muke kan gaba, ya ɗan fi ni. Sai wata akuya ta tura kai cikin buhun gyaɗar wani a bakin titi, aka yi ca, kowa ya juya. Tarin dattijon na dab da gwiwata. Na sa yatsa na jawo uku cikin nawa.

Ina so in ce muku gwaji na yi, don in ga ko saurayin zai lura. Haka na gaya wa kaina a lokacin. Ƙarya ne. So nake in ci.

Da aka gama kowa ya baje nasa. Dattijon ya dubi tarinsa ya sake ƙirgawa, kamar mai tunanin ko tsufa ne ya sa ya manta. Kafin ya yi magana saurayin ya ɗebi uku daga nasa tarin ya tura masa, ya ce, "Baba, naka ne suka gangaro wajena." Da waɗannan ukun dattijon ya ci wasan, ya yi ta murna yana shafa gemu, saurayin ya koma na ƙarshe, tela na yi masa tsiya wai Kyaftin ya nutse. Saurayin bai kalle ni ba ko sau ɗaya. Ni kuwa gumi ya jiƙa min hula, ga inuwa, ga iska.

Na karɓi wayata na biya. Ya rako mu har bakin titi saboda mu baƙi ne, ya tsayar mana da mota. Malam ya shiga. Ina sa ƙafa sai ya matso ya rage murya yadda ni kaɗai zan ji, ya ce, "Baba, in ka sake zuwa ka zauna kusa da ni. Shi tsohon nan an ɗauke masa da yawa." Ya rufe min ƙofa, ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Muka kama hanyar Zango. Malam ya yi ta zuba a kan littattafansa, yana cewa ai ga shi na gani da idona, labarin fashi ba ya mai da mutum ɗan fashi. Ra'ayina a kan finafinan bai canja ba har yanzu, ina nan a kan cewa ana yi wa ɓarawo kwalliya fiye da kima, kuma ba zan so jikokina su tashi da su ba. Abin da tafiyar ta koya min daban ne. Na iya soka wa buhun kowa tsinke, nawa ne ban taɓa sokawa ba.

Mun shigo Daura ana kiran magariba. Na wuce gidan yayana kai tsaye, na same shi a zaure. Na san yarinyar na bayan ƙofa, don na ga inuwar ƙafarta. Na ce, "Yaya, a ba shi." Ya ce, "Ba caca? Ba ɗauke-ɗauke?" Na ce caca babu. Sata kuwa an yi guda ɗaya a gabana, kuma ni na yi ta. Na kwashe duka na gaya masa. Ya yi dariya har da tari, daga cikin gida kuma na ji an ruga a guje.

An sa ranar Juma'a manyansa za su zo, shi ma zai biyo su gaisuwa. Yayana ya ce ni ne waliyyi. Saurayin nan bai san ko ni wane ne ba har yanzu. Zai shigo zaure ya cire takalmi, ya durƙusa a gaban baffan amarya, ya ɗago kai, ya ga mai sarin gyaɗar da ya saci 'ya'yan tsamiyar tsoho.